Babi na Biyar: Tsibiran Bahar Rum da Zancen Shiga Ba Biza

Shin gaskiya ne akwai wani tsibiri a cikin Bahar Rum wanda mutum zai ɗauki koren fasfonsa na Nijeriya, ya hau jirgi a Ikeja, ya sauka a can, a buɗe masa ƙofa ba tare da ya nemi biza ba? Wannan tambaya ta yawaita a bakin samarinmu na Ikko, a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago, har ta kai da wuya a tashi daga majalisar 'yan canji ko teburin mai shayi ba tare da wani ya ɗaga wayarsa ya nuna hoton wani gari mai farin dutse da shuɗin ruwa ba, yana cewa an tabbatar masa wurin nan babu ruwansa da biza. Ba abin mamaki ba ne ɗan Agege ya riƙa tunanin tafiya, domin zangonmu tafiya ce ta kafa shi: fataucin goro da hanyar jirgin ƙasa su suka tara kakanninmu a nan, yau kuwa filin jirgin sama na Murtala Muhammed yana maƙwabtaka da mu, yaro yana tashi da ƙarar jirage a kunnensa tun bai san inda suke zuwa ba.

Amsar a taƙaice ita ce, babu wani tsibiri na Turai a cikin Bahar Rum da mai riƙe da fasfon Nijeriya na talakawa zai shiga ba biza. Amma taƙaitacciyar amsa ba ta kashe ƙishirwar mai tambaya, ba ta kuma tsare shi daga mayaudari wanda ya iya baki, saboda haka ya kamata mu bi al'amarin daki-daki, mu ɗauki tsibirin Malta ya zama abin misalinmu, sa'an nan mu leƙa maƙwabtansa.

Mene ne asalin yafe biza?

Dattawan Agege sun san yadda baƙon fatake yake sauka a da. Wanda ya zo da shanu daga Arewa, ko ya zo sarin goro, ba ya faɗa wa kasuwa kai tsaye, sai ya sauka a gidan fatomansa, wanda zai ba shi masauki, ya tsaya masa, ya lamunce shi a gaban masu kaya. Idan baƙon ya fito daga garin da aka daɗe ana hulɗa da mutanensa, ba a taɓa jin sun gudu da kuɗin kowa ba, sunan garinsu kaɗai ya ishe shi shaida. Idan kuwa daga wurin da ba a sani ba ne, ko wurin da aka sha kuka da mutanensa, to sai ya kawo wanda zai tsaya masa, ko da shi a kan kansa waliyyi ne. Haka ƙasashe suke yi wa juna. Biza izini ce da ƙasa take ba wa baƙo tun kafin ya baro gida, bayan ta bincike shi, yafe ta kuwa alfarma ce da wata gwamnati take yi wa 'yan wata ƙasa a dunƙule, gwargwadon yarjejeniya da amanar da ke tsakaninsu.

Daga nan mai hankali zai gane inda kuskuren yake. Hoton nan da ake turowa a waya, mai cewa ana shiga Malta ko wani tsibirin Girka ba biza, yawanci ba ƙarya aka rubuta a cikinsa ba, sai dai an rubuta shi ne domin mutumin Amurka ko Ingila ko Kanada, wanda ƙasarsa take cikin waɗanda aka yafe wa. Hukuncin yana rataye ne a wuyan fasfo, tsibirin ɗaya ne amma ƙofarsa tana buɗewa ko rufewa bisa ga launin littafin da ke hannunka.

Inda muka saba da shiga ba tambaya

Abin da ya ƙara rikita mu shi ne mun saba da wata alfarma wadda muka ɗauka haka duniya take. A nan Ikko aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ƙungiyar ECOWAS a watan Mayu na 1975, sa'an nan a 1979 aka amince da ƙa'idar walwalar jama'a, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 ba biza. Da wannan ne ɗan Agege yake hawa mota ya ƙetare Seme, ya kwana a Kwatano, ya wuce Lome, ya sauka a Nima ta birnin Akara ko a zangon Kumasi wurin danginsa, ba wanda ya ce masa ina takardar jakada. Ko da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar a ƙarshen Janairu na 2025, ECOWAS ta ba da sanarwar a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen nan uku har zuwa wani lokaci. Wannan ni'ima ce babba, amma iyakarta Afirka ta Yamma.

Malta, ƙaramin tsibiri mai dogon tarihi

Malta tana tsakiyar Bahar Rum, kudu da Sisili, arewa da Tarabulus ta Libiya. Tsibirai uku ne masu mutane, Malta da Gozo da Komino, faɗinsu duka bai wuce murabba'in kilomita 316 ba, jama'arta kuwa ta ɗara rabin miliyan, babban birninta Valletta. Almajirin da ya karanta Risala ya san sunan Ƙairawan, garin Ibn Abi Zaid. To daga daular Banu Aglab ta Ƙairawan ɗin nan ne rundunar Musulmi ta tashi zuwa Sisili a shekarar 827, ƙarƙashin alƙali Asad ibn al-Furat, sa'an nan suka ci Malta a 870. Mulkin Musulmi ya kau bayan zuwan Normawa a 1091, mutanen tsibirin a yau mafi yawansu Kiristoci ne mabiya ɗarikar Katolika, amma harshensu daga Larabci ya tsiro, har wanda ya yi karatu a Markaz na Shehu Adamu al-Ilori zai iya tsintar ƙirga da kalmomi da yawa idan ya kasa kunne a kasuwa. A gidan adana kayan tarihi na Gozo akwai dutsen kabarin wata yarinya Musulma, Maimuna, wadda ta rasu a 1174, da rubutun Larabci irin na Kufa a jikinsa.

Akwai kuma sawun Bahaushe a wannan tsibiri, tun kafin a san jirgin sama. Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram wanda aka kama bawa aka kai Kukawa, aka 'yanta shi, ya zama baran Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ƙetare Sahara tare da maigidansa da abokinsa Abbega a 1855. Daga Tarabulus suka shiga jirgin ruwa suka yada zango a Malta, suka wuce Marseille ta Faransa, har London. A Ingila ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa ga J. F. Schön, aka buga shi a littafin Magana Hausa a 1885, shi kuwa ya komo gida, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a Kano, ya rasu a 1912. Ina ganin ya cancanci samarinmu su san sunansa.

A lokacin da Dorugu ya sauka, Malta tana hannun Ingila, ba ta sami mulkin kai ba sai ranar 21 ga Satumba 1964, shekara huɗu bayan Nijeriya. Saboda haka Turanci yana cikin harsunan hukuma biyu na ƙasar, kuma tana cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila tare da mu, har shugaba Muhammadu Buhari ya halarci taron shugabannin ƙungiyar a can a watan Nuwamba na 2015. Wannan zumunci shi ne hujjar da wasu ejan-ejan suke kafawa, su ce ai 'yan gida ɗaya ne mu da su. Hujja ce maras tushe, domin zama cikin wannan ƙungiya ba ya yafe wa kowa biza.

Ƙofa ɗaya ta ƙasashe 29

Abin da ya yanke hukunci shi ne Malta ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta shiga yankin Shengen a watan Disamba na 2007, ta karɓi kuɗin Yuro a 2008. Shengen sunan wani ƙauye ne a Luksambur inda aka ƙulla yarjejeniya a 1985, cewa ƙasashen da suka shiga za su ɗage shingen da ke tsakaninsu, su haɗa ƙarfi wajen tsaron iyakar waje. Yau ƙasashe 29 ne a ciki, dokarsu ta biza ɗaya ce, jerin ƙasashen da suka yafe wa ɗaya ne. Wanda ya shiga Malta ya shiga Italiya da Jamus da Faransa ke nan a hukumance, shi ya sa Malta ba ta da ikon buɗe wa wani ƙofa ita kaɗai. Hukuncin nan ya haɗa da Sisili da Sardiniya na Italiya, da Korsika ta Faransa, da Mayorka ta Sifen, da Kirit da sauran tsibiran Girka.

A duk faɗin Afirka ƙasa biyu ce kurum aka yafe wa bizar Shengen, Morishus da Seshel, dukansu tsibirai ne na Tekun Indiya. Nijeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi duka sai da biza. Bal ma an ƙara wa 'yan Nijeriya da Ghana wani sharaɗi, domin suna cikin 'yan ƙasashen da ake neman bizar yada zango daga gare su, ko da mutum ba zai fita daga filin jirgin sama ba, canjin jirgi kawai zai yi ya wuce wata nahiya, sai fa idan yana riƙe da wata takarda da doka ta keɓe, kamar ingantacciyar bizar Amurka ko ta Kanada. Ɗan Nijeriyan da yake shiga Malta ba tare da biza ba shi ne wanda ya riga ya mallaki izinin zama a wata ƙasar Shengen, ko yake da fasfo na biyu na halal daga ƙasar da aka yafe wa.

Ko wanda aka yafe wa ɗin ma ba a sakar masa ƙofa haka kawai. Jami'in shige da fice yana da ikon tambayarsa dalilin zuwansa, da inda zai sauka, da kuɗin da zai ci da kansa, da tikitin komawarsa, in bai gamsu ba ya mayar da shi a jirgin da ya kawo shi. Ita kanta bizar izini ce ta isa bakin ƙofa, hukuncin ƙarshe yana hannun jami'in da ke zaune a wurin.

Yadda ake neman biza ta hanyar gaskiya

Bizar ɗan gajeren zama ana nemanta ne daga ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, ko daga ofishin jakadancin da ke wakiltarta idan ita ba ta da ofishi a inda kake. Kada ka yarda da mai ce maka ka nemi ta wata ƙasa domin ta fi sauƙi alhali ba can ka nufa ba, wannan ha'inci ne kuma ana soke biza a kansa. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya, kada kuma a bari ya rage ƙasa da kwana 15. Bisa ƙa'ida ana yanke hukunci cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45, samun ranar ganawa kuwa shi kansa yana cin makonni, musamman gab da bazararsu. Tun watan Yuni na 2024 kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, kuma ba a mayar da ko kwabo idan aka hana.

Fasfonka ya kasance an ba da shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da aƙalla shafi biyu farare, kuma zai ƙara wata uku da rai bayan ranar da za ka baro ƙasarsu. Za a nemi inshorar lafiya ta matafiyi wadda ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki ko takardar gayyata, da shirin tikitin zuwa da dawowa, za kuma ka je da kanka a ɗauki zanen yatsunka goma.

Amma inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne takardar banki, kuma a nan nake so in daɗe. Sau da yawa za ka ga Alhaji mai rumfa a kasuwa, ko dillalin shanu a mayankar Oko-Oba, wanda miliyoyi suke ratsa hannunsa kowane mako, amma duk harkarsa ta tsabar kuɗi ce da amana ta baki, asusunsa na banki kuwa a bushe yake wata da watanni. Ranar da tafiya ta taso sai ya tattara kuɗi ya zuba a asusun gaba ɗaya, ko wani ejan ya ba shi aron kuɗi na kwana biyu, ya buga takarda ya kai. Ma'aikacin jakada ba jimillar ƙarshe yake dubawa ba, yana bin shafukan wata uku zuwa shida layi-layi, ya ga daga ina kuɗi ke shigowa, ina suke fita, ko sun yi daidai da sana'ar da mutum ya ambata. Kuɗin da suka faɗo rana ɗaya ba asali shakka suke jawowa, mai gaskiya ya sha hukuncin maƙaryaci. Maganin wannan ba ya samuwa a mako guda. Wanda yake da niyyar tafiya baɗi ya soma tun bana, ya riƙa bi da cinikinsa ta banki, ya yi wa kasuwancinsa rajista a hukumar rajistar kamfanoni, ya adana rasidin haya da na haraji, ya tanadi shaidar aure da ta haihuwar 'ya'yansa, domin tambayar da ke zuciyar mai duba takardu guda ɗaya ce: me wannan mutum ya bari a gida wanda zai komo dominsa?

Ba zan ɓoye maka ba, ya ɗan'uwa, ma'aunin yana da tsanani a kanmu. A 'yan shekarun nan fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu neman bizar Shengen ana hana su, kuma a cikinsu akwai 'yan kasuwa da malamai da marasa lafiya waɗanda ba su da niyyar ɓuya a ƙasar kowa. A ganina wannan rashin adalci ne, a karɓi kuɗin talaka a hana shi, a kuma riƙe kuɗin. Sai dai wanda aka hana yana da haƙƙin a ba shi dalili a rubuce, yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara ko sake nema bayan ya gyara, alhali wanda aka kama da takardar jabu sunansa ya shiga kundin da ƙasashen duka suke dubawa.

Lissafin kwana 90

Bizar ɗan gajeren zama ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma sau da yawa kwanakin da aka rubuta maka a jikinta ba su kai haka ba, don haka karanta ta da kyau, ko ka ba wanda ya iya ya karanta maka. Lissafin baya ake yi: a kowace rana a waiwaya kwana 180, a ƙirga nawa ka yi a cikin yankin. Wanda ya yi kwana 60 a Malta, ya komo Ikko ya yi wata ɗaya, ya sake komawa da biza mai shiga da yawa, kwana 30 suka rage masa, ranar shiga da ranar fita kuwa duka ana ƙirga su. Tun 12 ga Oktoba 2025 aka soma aiki da sabon tsari wanda na'ura take ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, ta rubuta shiga da fita a kwamfuta, saboda haka wanda ya zarce ko da kwana kaɗan ne ba ya ɓoyuwa. Wannan biza kuma ba ta halatta aiki.

Ƙubrus, tsibiri ɗaya mai ƙofa biyu

Tsibirin Ƙubrus, wanda a takardun tafiya ake rubuta Cyprus, yana da matsayi a zuciyar Musulmi, domin a kusa da Larnaka, a bakin tafkin gishiri, akwai masallacin Hala Sultan inda ake ziyartar kabarin sahabiya Ummu Haram bint Milhan, matar Ubada ibn Samit, Allah ya yarda da su, wadda ta fita tare da rundunar ruwa ta Mu'awiya a zamanin halifancin Sayyidina Usman, ta faɗo daga abin hawanta ta rasu a can. Tun 1974 tsibirin a rabe yake. Kudu ita ce Jamhuriyar Ƙubrus, tana cikin Tarayyar Turai amma ba ta cikin Shengen, tana da bizarta. Arewa kuwa ta ayyana kanta ƙasa a 1983, ba wanda ya amince da ita sai Turkiyya, jiragen da ke sauka a filinta na Ercan duk ta Turkiyya suke biyowa, gwamnatin Kudu kuma tana ɗaukar shiga ta can a matsayin shiga ba bisa doka ba.

Arewar nan ce asalin yawancin jita-jitar da ke yawo a unguwanninmu, domin tana ba 'yan ƙasashe da yawa izini a bakin ƙofa, kuma ɗalibanmu da yawa sun yi karatu a jami'o'inta, har da waɗanda gwamnatin Kano ta tura. Amma Nijeriya tana cikin 'yan ƙasashen da hukumomin Arewar suka wajabta wa neman biza tun daga gida. A watan Agusta na 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, ta fito fili ta gargaɗi iyaye game da tura 'ya'yansu can, saboda mace-macen ɗalibai da wahalar bin kadinsu a wurin da Nijeriya ba ta amince da gwamnatinsa ba. Mai ce maka daga Arewa taku kaɗan ne ka shiga Turai, ya ɓoye maka cewa tsakanin ɓangarorin biyu akwai shingen da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suke tsaro.

Jarba da Lamfedusa

Akwai tsibiri na Afirka a Bahar Rum, shi ne Jarba na ƙasar Tunisiya, mai tsofaffin masallatai farare. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da ke zaune tare da mu a Agege, masu fasfon Nijar, Tunisiya ta yafe musu biza har kwana 90, mai fasfon Nijeriya kuwa sai ya nema. Duk da haka su ma su yi hattara, domin tun bayan jawabin shugaba Kais Saied na watan Fabrairu 2023 baƙar fata baƙi suka shiga matsi a ƙasar, har Gini da Mali da Kodebuwa suka kwashe mutanensu da jirage.

Sai kuma tsibirin da ake isa ba biza ba fasfo, wanda ba na so in ambace shi sai da nauyin zuciya. Lamfedusa ta Italiya ce amma ta fi kusa da gaɓar Tunisiya, ita ce burin kwale-kwalen da ke tashi daga Libiya da Tunisiya ɗauke da waɗanda suka biyo ta Agadas. Ranar 3 ga Oktoba 2013 jirgi ɗaya ya nutse a gabanta da rayuka fiye da 360, kuma daga 2014 zuwa yau hukumar ƙaura ta duniya ta ƙirga fiye da mutum 25,000 da suka mutu ko suka ɓace a tekun nan. Wanda ya tsira ya isa Lamfedusa ko Malta ta wannan hanya, sansanin tsarewa ne masaukinsa na farko. Shari'a ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, kuma ban ga wata fatara a Ikko da ta kai a sayar da rai a kanta ba.

Guzuri da ladubban sauka

Idan Allah ya nufa biza ta fito, sai shirin hanya. Babu jirgin da ke tashi daga Ikko kai tsaye zuwa Malta, ana yada zango ne, kamar a Istanbul ko Frankfurt. Wanda ya bi ta Frankfurt, a can za a duba fasfonsa domin can ne ƙofarsa ta farko a Shengen, don haka ya riƙe kwafin takardunsa duka a jakar hannu: masauki, inshora, tikitin dawowa, da lambar wayar mai gayyatarsa. Kuɗin da suka kai Yuro 10,000 wajibi ne a bayyana su ga kwastan. Kilishi da dambun nama da man shanu, waɗanda uwargida za ta ɗaure maka da ƙauna, doka ta hana shigar da nama da kayan madara daga wajen Tarayyar Turai, za a karɓe su, wataƙila har da tara. Ɗanyen goro ma ɗan itace ne, kayan tsiro kuwa suna da tasu ƙa'ida, saboda haka ka bayyana shi, kada ka cusa shi cikin hula. Mai shan magani ya tafi da shi a kwalinsa tare da takardar likita.

A Malta motoci hagu suke bi, saɓanin Nijeriya wadda ta koma dama tun 1972, don haka kafin ka tsallaka titi ka fara duban damanka. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu. Motocin bas suna kai mutum kusan ko'ina, jirgin fito zuwa Gozo kuwa bai kai rabin awa ba. Yuli da Agusta zafi ne da cunkoson baƙi da tsadar masauki, wanda yake son rahusa da sanyin iska ya nufi Afrilu ko Oktoba, mai zuwa cikin hunturu kuma ya tanadi rigar sanyi da ta ruwa.

Alƙiblarmu a Ikko gabas ce maso arewa, a Malta kuwa gabas ce maso kudu, kada sabo ya sa ka juya ba daidai ba. Babban masallacinsu yana garin Paola, sunansa Maryam al-Batul, Mu'ammar Gaddafi ne ya aza harsashinsa a 1978, a nan za ka sami Juma'a, ka kuma tambayi inda ake sayar da naman halal. A mazhabarmu ta Malikiyya matafiyi yana ƙasaru muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, wanda ya yi niyyar mako ko wata sai ya cika sallarsa daga saukarsa. Abincinsu na gargajiya zomo ne, amma sukan dafa shi da giya, naman alade kuma yana shiga girke-girkensu da yawa, saboda haka ka tambaya kafin ka ci, kifi kuwa ga shi nan a wadace. Majami'unsu suna da alfarma a wurinsu, idan ka shiga kallo ka shiga da natsuwa, ka kuma nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum.

Duk abin da muka zayyana a nan ya shafi mai ziyara ne, wanda zai je ya komo cikin kwanakinsa. Amma na san da yawa daga masu yin tambayar da muka fara da ita ba yawon buɗe ido ne a ransu ba, aiki suke nema ko karatu, wannan kuwa wata ƙofa ce dabam mai nata sharuɗɗa, inda a Malta mai ɗaukar aiki ne yake fara neman izini a hukumar Identità kafin ma'aikaci ya nemi bizar dogon zama. A babi na gaba za mu yi bayanin wannan izini, da yadda ake bambance takardar aiki ta gaskiya da ta jabu. Kafin ka karanta shi, ya ɗan'uwa, kada ka ba kowane ejan fasfonka ko kuɗinka.